Masarar da Muka Ɗauka a Ka

Tun shekaranjiya ruwa bai ɗauke ba a Kamazou. Irin ruwan nan ne na marka, ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma barin mutum ya shanya ko tsumma. Na shiga makaranta da safe in buɗe tagogi kada azuzuwa su yi warin danshi, sai na tarar da Blessing, wadda aka ɗauka shara bara, ta tsuguna a bayan ban-ɗaki tana tura ƙwayar kuɓewa a cikin tsohon bokitin fenti. Na tambaye ta me take yi. Ta ce hutu ya yi tsawo, gara ta samu abin miya. Na tsaya ina kallonta har ta tsargu ta ce ko ta yi laifi ne. Na ce mata a'a. Ita ba ta san inda ta tsuguna ɗin nan, a ƙarƙashin simintin, gonata ce a da ba.

Sunana Ladi. Na tsufa a makarantar nan ina shara, ina wanke ban-ɗaki, ina riƙon yaran ajin ƙanana. Yara Anti suke ce mini. Waɗanda na wanke wa kashi ma yanzu suna zuwa da mota su ajiye nasu 'ya'yan, su ma Anti suke ce mini.

Wanda bai yi aikin makarantar kuɗi ba, in ya ji an ce dogon hutu sai ya ce mun ji daɗi. Daɗin me? Hutun na yara ne da malamai. Malamai a lokacin ana ba su rabin albashi. Mu kuwa, masu tsintsiya da mai gadi da mai kicin, ranar da aka raba wa yara sakamako ranar aka rufe da albashinmu, sai an dawo. Ba wai kuma ka zauna a gida ba, dole ka riƙa zuwa kana nuna fuska, ka yi shara, ka sare ciyawa, kada a dawo ka tarar an ɗauki wata a gurbinka. Abin da ya fi yi mini ciwo ma shi ne kulolin yara. Lokacin karatu 'ya'yan masu hali ba sa cinye abincinsu. In an tashi tara sai mu juye ragowar shinkafa da taliya da soyayyiyar doya a leda, da shi nake rufe bakin yarana da yamma. Ranar da aka yi hutu wannan ma ya tsaya. Yanzu 'yan matan da muke aiki tare in an yi hutu wata ta tafi kitso, wata tana sayar da kaya ta waya, suna dai lallaɓawa. Biyan hutun ne har yau babu.

Shi ya sa muke da wata al'ada tamu. A jikin katanga ta baya akwai wani siririn wuri da yara ba sa zuwa, mai makarantar, wadda kowa ke kira Madam, ta bar mana shi. Mu uku ne muke nomawa: ni, da Asabe mai kicin, 'yar Filato, da Baba Dauda mai gadi, dattijo mutumin wajen Kachia wanda ya yi noma tun kafin a haife mu. Ruwan farko in ya sauka sai Baba ya ja kunyoyi, kowa ya san nasa, mu zuba masara. Kafin tsakiyar Agusta ta isa gashi. Ba wata gona ba ce ta a zo a gani, amma ita take tsallakar da mu hutu.

Shekarar da nake ba ku labari komai ya haɗe mana. Masakar da maigidana yake aiki ta tsaya. Kullum da safe yana takawa har Kudenda ya tsaya a bakin kamfanoni ko za a ɗebi leburori, ya dawo da yamma ƙafa duk laka, hannu babu komai. Yaranmu uku. Babbar ita ce Rahila, ta gama aji huɗu za ta shiga biyar, a makarantar da nake aiki take, don ma'aikaci ana ɗauke masa kuɗin ɗa guda. Yarinyar tana da kai. Malaminsu yakan tsayar da ni ina riƙe da bokiti ya ce, Anti Ladi, ki riƙe yarinyar nan da kyau. Ni kuma ranar nan ko ban ci komai ba na ƙoshi.

Mun shuka yadda muka saba, masara ta fito ta yi kyau, sai ruwa ya ɗauke. Kai, ban taɓa ganin rana irin ta watan Yunin nan ba. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Da safe ka ga ganye ya ɗan miƙe, kafin azahar ya naɗe kamar taba sigari. Rijiyar makaranta ta yi ƙasa, Madam ta hana a ɗiba sai don ban-ɗaki. Ruwan da na wanke ƙasan aji da shi nake zuwa in zuba wa kunyoyina, har da kumfar sabulun. Bai hana komai ba. Abin da rana ta bari gara ta cinye.

Da ruwa ya dawo an riga an shiga jarrabawa. Ranar da aka yi hutu, yara sun watse, muna zaune a ƙofar kicin kowa ya yi tagumi, sai Baba ya nuna filin ƙwallo da haɓarsa. Ya ce ga ƙasa kwance tana hutawa shekara da shekaru, yara kuma ba sa nan. Ya ce akwai iri mai saurin nuna a wurin wani ɗan'uwansa. In muka kifa filin nan gaba ɗaya, kafin a dawo masara ta kusa, ai makon farko da na biyu ba a wasanni, ba wanda ke zagayawa baya. Madam ta tafi Legas wurin 'yarta da ta haihu. Muka je wa hedimasta da maganar, ya kalli sama ya kalli ƙasa ya ce shi bai gani ba, bai ji ba. Muka ɗauki wannan a matsayin izini.

Filin ƙwallo ba gona ba ne. Ƙafafun yara sun daddage shi ya zama kamar daɓe. Garma tana sauka tana tsalle. Baba yana gaba yana fasawa, ni da Asabe muna biye muna ja, cikinmu babu komai sai ruwan garin kwaki. Tafin hannuna ya yi ƙulu ya fashe ya sake yi. Taki kuwa, kashin kaji muka roƙa a wani gidan gona, muka ɗauko a buhu a ka, ruwa yana dukansa yana tsiyayo mana a wuya. Kwana da kwanaki ina wanka ina jin warin a jikina. Amma da masarar ta fito, jama'a, ta fito. Baƙi-ƙirin don kore, kara kauri kamar rake. Asabe har rawa ta taka a tsakanin kunyoyi.

Sai Agusta ta shigo da yunwarta. Abinci ya koma sau ɗaya a gidana, shi ma da yamma, don yara su samu su yi barci. Nakan je wurin mai injin niƙa in roƙi dusa, in zo in tankaɗe, ɗan tsakin da ya fito in yi fate da shi, in cika tukunya da rama da yakuwa har ka rasa tsakin. Wata rana ganyen tafasa ne zalla da gishiri. Itace duk ya jiƙe, sai hayaƙi, ido yana ruwa hanci yana ruwa. Ɗaki yana yoyo, katifa ta yi sanyi, kayan yara ba sa bushewa sai wari. Ƙaraminmu Ishaya, wanda bai daɗe da yaye ba, ya daina kuka ma, sai ya zauna a bakin ƙofa ya zuba wa mutum ido. Wannan kallon ya fi kukan tayar mini da hankali.

Ana cikin haka yayar maigidana, Yaya Rifkatu, ta zo. Ita sana'arta ke nan, tana kai 'yan mata gidajen masu kuɗi a Abuja su yi aiki. Ta zauna ta kalli tukunyata, ta kalli Ishaya, sannan ta ce akwai wata mata mai kirki da take neman yarinya mai hankali. Za ta ci, za ta sha, za a ma sa ta a makaranta, mu kuma bakin mutum ɗaya ya ragu, za a riƙa aiko mana da ɗan wani abu. Ba ta ambaci suna ba, amma Rahila da ke wanke kwanuka a waje ta daina motsa hannu.

Na san irin makarantar da ake sa su. Na ga waɗanda suka dawo. Na ce, Yaya, a yi haƙuri, ina da masara a fili. Ta yi dariya ta ce wace masara, ta bayan ban-ɗaki? Na ce fili guda ne cur. In ta isa gashi zan kafa kasko a bakin titi in gasa in sayar, mu ci saura, har a dawo makaranta albashi ya fara shigowa. Na juya wurin maigidana ina jiran ya sa baki. Mutumin da a da in ya yi magana ba a ƙarawa, ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafa. Da ƙyar ya ce, to, a jira masarar. In ta yi, shi ke nan, yarinya ta zauna. Bai faɗi sauran ba, kowa ya ji shi.

Daga ranar na daina ganin masara a filin nan, 'yata nake gani. Kullum da sassafe ina can. Na san kowace kunya, na san wadda tsutsa ta taɓa, ina bi ina matse tsutsar da yatsa. Akuyar maƙwabta ta taɓa shigowa ta ramin katanga, na bi ta da faskare, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Masara ta wuce kafaɗata, ta fi ni tsawo, ta fitar da fure a sama, ta fara goyo, gemu ja yana leƙowa. Baba ya matsa goyo ɗaya ya ce saura kaɗan, a ba ta mako uku. Ni kuwa na fara neman tsohon kasko da wayar gashi.

Ana saura 'yan kwanaki a dawo Madam ta sauka. Ina cikin wanke tagogi na ji ƙarar motarta, na ji takunta ta zagaya baya, sannan na ji shiru. Da ta yi ihu ma da ya fi mini sauƙi. Ta aika aka kira mu mu uku ofis.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta zage mu ba. Ta ce mu leƙa ta taga. A tsallaken titi an buɗe sabuwar makaranta, fenti sabo, lilo, fili kore an aske shi kamar kan ango. Ta ce iyaye za su fara zuwa ganin wuri kafin su biya, wasu ma sun riga sun kwashe 'ya'yansu sun tsallaka. In suka zagayo suka ga gona a inda yaransu za su yi wasa, ga sauro ga maciji, me za ta ce musu? Ta ce in makarantar nan ta mutu, ita da mu duka mun mutu. Na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, na gaya mata maganar Rahila tun daga farko. Ta saurara, idonta ma ya kawo ruwa. Sannan ta ce, "Ladi, ba zan iya ba. Kafin Asabar ina son in ga fili." Hedimasta yana tsaye a gefe yana ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Kuma ku duba abin takaici, sare ciyawar makaranta aikin wa ne? Namu. Babu wasu leburori da za a kira. Addar da za a sare ta da ita tana rataye a ɗakin Baba.

Muka fito muka tsaya a bakin filin. Asabe tana kuka tana cewa ita ba za ta iya ɗaga adda a kan abincin 'ya'yanta ba. Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa. Baba ya daɗe yana kallon masarar, sannan ya ce ba za a sare ba, za a ɗauke ta. Ya ce akwai kangon wani ɗan cocinsu can gangare wajen rafi, an yi katanga ba a yi gini ba. Mu haƙo kowace da ƙasarta, mu kai can mu dasa.

Ni 'yar manoma ce. Na san ana dashen dawa, ana dashen gero, tun suna ƙanana. Ban taɓa ganin an dasa masara mai goyo ba, uwata ma ba ta taɓa gani ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna abin da ke jirana a gida in na faɗa. Na ce, Baba, za ta kama? Ya ce ƙasa a jiƙe take, Allah kuma yana nan. Ban ƙara tambaya ba.

Duk abin da zai ɗauki ƙasa a makarantar nan sai da muka fito da shi. Kwanon sarki, bokitan wanke aji, manyan tukwanen Asabe, baron da taya ɗaya ta lotse, har fo na yaran ajin ƙanana, don daidai yake da gindin masara guda. Baba yana haƙa, yana zagaye kowace da fartanya a hankali kamar mai cire ƙaya. Duk da haka kana jin saiwa tana tsinkewa, ɗas, ɗas, kowace tsinkewa a ƙirjina nake jin ta. Yana rage musu ganye yadda ake yi wa dawa. Mu kuma mu jera uku ko huɗu a kwano mu ɗora a ka.

Ku kwatanta mace da kwano a ka, masara tsaye a ciki ta fi ta tsawo, tana rangaji, ana yayyafi, tana ratsa tsakiyar unguwa. Jar laka tana kama silifa har na cire na tafi da ƙafa. Ƙasar jiƙaƙƙiya nauyi gare ta kamar dutse, ruwan laka yana bin fuska yana shiga ido. Mutane suka fito ƙofar shaguna suna kallo. Wani ɗan acaba ya rage gudu ya ce, Mama, masarar ce ba lafiya za a kai ta asibiti? Aka kwashe da dariya. Wata mai tuya ta ce ai wannan sai a kai su wurin fasto a yi musu addu'a. Da wani lokaci ne da na ajiye kwanon na wanke su tas, don bakina ba ya mutuwa. Ranar ko juyawa ban yi ba, ina tsoron in na juya wuya masarar ta karye.

Tun safe har duhu ya fara, haka muka yi ta yi har Asabar. Maigidana ya bar zuwa Kudenda ya zo ya kama baro. Ban san sawu nawa na yi ba, na dai san wuyana ya daina juyawa, kuma sau biyu ina faɗuwa a gangaren nan, ina tashi abin da na fara dubawa masara ce. Da yamma in na koma gida hannuna ba ya iya riƙe muciya. Abin da ba mu iya kwashewa ba, wajen rabin fili, Baba ya ce mu tafi gida. Shi kaɗai ya tsaya ya sare, ya baje kunyoyin, ya bi da reki ya share. Da Madam ta zo ta ga fili ta ce mun kyauta, Allah ya yi albarka.

Aka koma makaranta. Rahila ta shiga aji biyar da tsohon yunifom da na saki wa kalmasa, aka ba ta kujera a layin gaba kusa da taga. Ta dawo tana ba ni labari kamar an ba ta sarauta. Ni kuma da an tashi, in na gama wanke ban-ɗaki, sai gangare. Kwanakin farko masarar ta tsaya. Ta yi laushi, amma ta tsaya, muka kafa wa wasu sanda muka ɗaure da tsumma. Na ce wa kaina ai yaro ma in aka canza masa wuri sai ya yi 'yan kwanaki yana ƙyuya.

Sai ruwan da ya hana mu sakat wata guda ya zaɓi lokacin ya ɗauke. Rana ta buɗe, irin mai cizo ta watan Satumba. Muka koma jido daga rafi. Ka zuba bokiti, ƙasa ta shanye, masara ko gezau. Ganyen ƙasa ya fara yin ruwan ƙasa, na sama ya yi fari-fari, in iska ta kaɗa sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar takarda. Asabe ce ta fara sarewa, ta ce ita ƙarfinta ya ƙare, ta tafi wankau a gidajen mutane. Ni na ci gaba. A gida kuwa ragowar kulolin yara ya dawo, amma farkon zango iyaye ba su gama biya ba, Madam ta ce albashi sai abin da hali ya yi. Ƙafafun Ishaya suka fara kumbura. Kowa a gidan ya daina yi mini maganar masara, ni ma na daina yi.

Wata ranar Lahadi bayan an taso coci na sauka kangon, na tarar da Baba zaune a kan bulo. Na zaɓi goyon da ya fi kowanne girma na ɓare. Totuwa ce fara, da ƙwaya ɗai-ɗai a warwatse, su ma na matsa sai ruwa. Na ɓare wani, na ɓare wani, na bi layi ina ɓarewa ina jefarwa kamar mahaukaciya, har Baba ya ce ya isa.

Na ce, "Baba, me muka yi ba daidai ba? Ruwan ne bai isa ba?"

Ya ce, "Ba ruwa ba ne, 'yata. Masara mai goyo ba ta dasuwa. Tun ranar na sani."

Na ce ya sani, ya bar mu muka yi ta ɗaukar ƙasa a ka da yunwa, garin nan kaf yana mana dariya?

Ya ce, "Na ga idonki a bakin filin nan. Da na miƙa miki adda ranar, ban san wa za ki sara ba, ko masarar ko kanki. Na ce bari ta mutu a hankali, ki samu kwanakin da za ki saba."

Allah ya sani na so in mare shi, tsoho sa'an ubana. Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa babba. Na ce ƙarfin da na zubar a gangaren nan da wankau na yi da shi da na samu ko mudu biyu. Ya bar ni na gama, ya tashi ya fara tattara karan yana cewa ko akuyar wani ta ci. Baba ya daɗe da rasuwa yanzu, ni na dafa abincin makokinsa. Har yau ban yanke ba, alheri ya yi mini ko zalunci.

Na ɗauki totuwa guda na kai gida na ajiye a gaban maigidana. Ya juya ta, ya sake juyawa. Washegari ya aika wa Yaya Rifkatu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na kalli ƙafafun Ishaya, na ɗebo ruwa na wanke wa Rahila kayanta, na yi mata kitso ƙanana waɗanda za su daɗe, don ban san wa zai sake taɓa mata kai ba. Tana zaune a tsakanin ƙafafuna, da na kusa gamawa ta tambaye ni ko makarantar can ma suna da aji biyar. Na ce suna da shi.

Ranar tafiya ranar aiki ce. Ban nemi izini ba, na san amsar. Farkon zango ajin ƙanana cike yake da sababbin yara masu kuka, kuma ni ce mai karɓarsu daga hannun iyaye a bakin get. Na fita daga gida tun yarana ba su tashi ba. Ina tsaye, na goya wata 'yar mutane da ke ta tsala ihu, wani kuma ya ƙanƙame mini zane yana kiran mamarsa, sai ga su sun ɓullo. Yaya ta biyo da Rahila ta nan a hanyar tasha don mu yi sallama. Rahila tana sanye da rigar cocinta, ta rungume leda. 'Yan ajinsu suna wucewa suna tambayarta ina yunifom, ko ba ta da lafiya ne. Ta ce musu unguwa za ta.

Na so in sauke yarinyar da ke bayana, uwarta kuwa tana cikin mota ba ta tafi ba, tana kallo ta gilashi ta ga yadda za a riƙe mata 'ya. Da hannu ɗaya na samu na dafa kan tawa. Yaya tana cewa a yi sauri kada mota ta cika. Rahila ta leƙa ta get ta hango tagar ajinsu, sannan ta ɗago ta kalle ni.

"Mama, ki ce wa malam a ajiye mini kujerata."

Na ce to.

Ba ta dawo gida da zama ba sai da ta zama budurwa, kuma ba ta sake shiga aji ba. Kujerar kuwa, a ranar, kafin a tashi tara, aka kawo wani sabon yaro aji biyar. Malamin ya leƙo ta taga ya hango ni ina wucewa da bokiti, ya ce, Anti Ladi, zo ki ɗan goge masa wurin nan ya zauna. Na ajiye bokitin, na shiga na goge.